Ƙarfi Iri-Iri Ne

Yau maganarmu a kan ƙarfin jiki ce, watau abin nan da kowa ke tsammani ya sani, amma in ka tambayi mutum sai ya nuna maka damtsensa kawai.

Bari in fara da labarin wani mutum da ya zo ɗakin shan maganinmu bara da kaka. Ba zan faɗi sunansa ba, don shi ma yana da rediyo. Da samartakarsa ɗan kokawa ne, an ce duk ƙauyukan da ke kewaye babu wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Yanzu ya ba shekara 50 baya, ya bar gona ya koma sayen hatsi, ya kuwa sayi babur. Har yau in aka ce ga buhun gero, shi kaɗai ya kan cicciɓa ya aza a amalanke. To, me ya kawo shi? Ya ce in ya taka daga kasuwa zuwa gida, tafiyar da ba ta kai minti 10 ba, sai haki ya kama shi har ya nemi gindin itace ya zauna. Na ɗaura masa abin awo a hannu, na ga jininsa ya hau ƙwarai. Da na ce masa jikinsa ya yi rauni sai ya yi dariya, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Malam, taɓa nan ka ji." Na taɓa, kamar dutse kuwa. Na ce, "Gaskiyarka, maigida, hannu yana nan da ƙarfinsa. Amma ai ba hannu ya kawo ka ba."

Ran nan dai wata tsohuwa mai sayad da daddawa ta zo a ɗaure mata yatsa. Siririya ce, ko rabin buhu ba ta iya ɗagawa. Amma kasuwa uku ta ke ci a mako, duk a ƙasa, da ƙwarya a ka. Na kama hannunta, zuciyarta na bugawa sannu a hankali kamar ta budurwa. To, jama'a, tsakanin su biyun nan wane ne mai ƙarfi?

Amsa ita ce ƙarfi iri-iri ne, kowannensu kuwa yana da wani, ya rasa wani. A shekarar 1985 waɗansu masana uku na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Amurka suka rubuta rabon da likitoci da malaman wasanni ke bi har yau. Sun kasa ƙwarin jiki kashi biyu. Kashi na fari abu biyar ne, su ne masu tsare lafiya, kowa yana bukatarsu, namiji da mace, yaro da tsoho. Kashi na biyu abu shida ne, su ne na gwaninta, irin waɗanda ke sa ɗan wasa ya yi suna.

Babba cikin biyar ɗin nan shi ne juriyar zuciya da huhu, abin da mu ke kira dogon numfashi. Shi ne tsohuwar nan ke da shi, ɗan kokawa ya rasa. Ku sani zuciya ita ma tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa kamar sau 100,000 tsakanin yini da kwana, ba ta da hutu. Huhu ya shaƙi iska, jini ya kwashi amfanin iskar, zuciya ta tura jinin ya kai wa kowace tsoka. In mutum ya saba da tafiya da aiki mai sa numfashi ya ɗaga, zuciyarsa ta kan yi ƙwari, bugu ɗaya ta tura jini mai yawa, saboda haka ba ta bukatar gaggawa. In kuwa ya saba da zama, sai ta riƙa tura kaɗan kaɗan, ko ɗan tudu ya hau sai ta kama dakan ƙirjinsa.

Kowa na iya gwada tasa. Da safe, kana zaune a natse, ka aza yatsu biyu a wuyan hannunka wajen gindin babban yatsa, ka lalubo inda jijiya ke motsi. Ka sa yaro ya duba agogo ko wayar hannu, ka ƙidaya bugun har minti ɗaya. Na babban mutum mai lafiya ya kan kama daga 60 zuwa 100. 'Yan tseren dogon zango nasu ya kan sauko har 50, wani ma 40, ba ciwo ba ne a gare su. Ka kuma lura da kanka in ka yi aiki mai wuya ka tsaya. Mai dogon numfashi nan da nan ya kan dawo daidai, wanda ba shi da shi kuwa sai ya daɗe yana haki.

Wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris shi ne ya fara nuna wa duniya wannan al'amari da ƙidaya, a shekarar 1953. A birnin Landan akwai manyan motocin haya masu bene. A wancan lokacin direba yana zaune yini zubur, kwandasta kuwa hawa ya ke yi yana sauka yana karɓar kuɗi, ɗaruruwan matakala kowace rana. Mota ɗaya, hanya ɗaya, iska ɗaya su ke shaƙa. Da likitan nan ya bi labarin ma'aikata wajen 31,000 sai ya tarar direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, in ya kama su kuwa ya fi saurin kashe su. Tun daga nan an yi ta bincike a ƙasashe da yawa, magana ba ta sake ba.

Na san abin da wani zai ce yanzu. Zai ce, "Wannan ai zancen mutanen birni ne. Ni manomi ne, wane motsa jiki kuma ya rage mini?" To, da damina gaskiyarka. Wanda ya yini yana huɗa ba mai ce masa ya ƙara. Amma daga an gama girbi fa? Wata nawa ka ke yi a dandali a kan tabarma? Dā mutum ya kan taka zuwa kasuwar ƙauyen gaba, yanzu ko gidan suna a bayan unguwa sai a babur. Dā saƙo sai an tashi an kai, yanzu waya ce. Mata kuma dā su ke surfe, su yi daka, su yi niƙa a dutse, su jawo ruwa da guga. Yanzu ga injin niƙa, ga famfo, ga mai ruwa da kura. Ban ce a koma wahalar dā ba, sauƙin nan alheri ne, bayan uwayenmu mata ya sha wuya. Amma fa tuwon da a ke ci bai ragu ba, aikin da ke ƙone shi ne ya ragu. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga, waɗanda dā a ke cewa na attajirai ne, yau ga su a layin ɗakin shan magani na ƙauye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi gwargwado a shekarar 2020. Babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 a mako yana aiki ko tafiya mai sa numfashi ya ɗaga. Watau ko da minti 30 a rana, kwana biyar. Yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami minti 60 kowace rana, wannan kuwa in an bar su su yi wasa da kansu za su cika shi. Yaya za ka san tafiyarka ta isa? In kana iya hira da abokin tafiya amma ba ka iya rera waƙa, to, ka kama daidai. In kana waƙa, rangadi ka ke yi, ƙara sauri. Matar da ba ta fita ba ta rasa hanya ba: ta kewaya tsakar gida da sauri, ta yi shara da kanta, ta karɓi taɓarya wani lokaci. A yi da sanyin safiya ko da la'asar, a sha ruwa.

Amma ku ji wannan da kyau. Ba kowane haki ne na rashin motsi ba. Ƙarancin jini na kawo shi, tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro kuwa su ne manyan masu shanye jini a wajenmu. Tarin fuka na kawo shi, ciwon zuciya ma haka. Wanda ke haki yana zaune, ko ƙafafunsa na kumbura, ko yana tari fiye da mako biyu, ko ya kan ji an danne masa ƙirji in ya yi tafiya, ko jiri na ɗibarsa, kada ya ce zai gyara kansa da gudu. Ya zo a duba shi tukuna. Mai juna biyu ita ma tafiya na yi mata amfani, amma ta tambaya ranar awo.

Sai tsoka. Abu biyu ne a nan, mutane kan haɗa su. Akwai ƙarfin tsoka, shi ne ɗaga buhu sau ɗaya. Akwai kuma jimirin tsoka, shi ne riƙe fartanya tun hantsi har azahar hannu bai mutu ba. Ɗan dako ya fi manomi na farko, manomi ya fi shi na biyu. Saurayi ba ya tunanin waɗannan don yana da su kyauta. Amma daga mutum ya wuce shekara 30 tsokarsa ta kan fara zagwanyewa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 kowace shekara goma, bayan 60 kuwa abin ya kan ƙara sauri. Ba a ganewa sai ran da tsoho ya zauna a tabarma ya kasa tashi sai an kama shi, ko ya shiga bayan gida ya tsuguna gwiwa ta ƙi ɗaga shi. Duk wanda ya yi jiyyar tsoho ya san wannan ita ce ranar da ya fi tsoro, ranar da sai an raka shi makewayi.

Ana iya jinkirta ranar nan ƙwarai, ko ɗan shekara 80 tsokarsa na amsawa in an ba ta aiki. Ba a bukatar kayan ƙarfe. Ka zauna a kujera ko a kifaffen turmi, ka tashi ba tare da dafa hannu ba, ka koma, har sau 10. Ka tsaya gaban bango ka dafa shi da tafi biyu, ka matso da ƙirjinka ka tura, sau 10. Ka ɗaga jarkar ruwa daidai ƙarfinka. Kwana biyu a mako ya isa, in ya yi sauƙi a ƙara, sannu ba ta hana zuwa. Tsoka kuwa ba ta ginuwa da tuwo kaɗai, tana son wake, da gyaɗa, da nono, da ƙwai ko kifi in an samu. In za ka ɗauki kaya mai nauyi, gwiwa za ka lanƙwasa, ka jawo kayan jikinka, ka tashi da cinya. Rabin masu zuwa mana da ciwon baya sunkuyawa su ka yi su ka fizgi buhu daga nesa.

Na huɗu shi ne laushin gaɓoɓi, watau gaɓa ta juya iyakar inda aka halicce ta ta kai. Mutanenmu masu zama a ƙasa da tsuguno sun fi mazauna kujera wannan, kada su yar da shi. Waɗanda na ke ji su ne tela, da direba, da mai kanti. Su riƙa tashi suna miƙa, bayan jiki ya ɗumama, a ja gaɓa a hankali a riƙe kamar rabin minti, ban da fizga.

Na biyar shi ne wanda za mu yi faɗa da ku a kansa, watau yawan kitse a jiki in an gwada da tsoka da ƙashi. A wajenmu in mutum ya aje tumbi sai a ce ya samu. Amarya in ta yi ƙiba a ce miji ya iya riƙo, in ba ta yi ba dangi su fara tambaya. Na sani, ni ma a cikin wannan na tashi. Amma kitsen tumbi ba a ƙarƙashin fata kaɗai ya ke tsayawa ba. Ciki ya ke shiga, ya naɗe hanji da hanta, ya hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata, ya taimaka wa jini ya hau. Ƙarshensa ciwon suga, ko shanyewar ɓarin jiki, mutum ya kwana lafiya ya tashi baki a karkace.

Ga awon da ba ya bukatar sikeli. Ka sami igiya, ka tsaya a miƙe, a auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke. Ka ninka ta biyu. To, ka kewaya cikinka da ita wajen cibiya ko sama kaɗan, kada ka shanye ciki, don ba wanda za ka ruɗa sai kanka. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitse ya yi yawa, ka zo a gwada jininka da sugarka, ka rage lemon kwalba da shayi mai suga da soye-soye, ka ƙara tafiya. Wannan awo ba na mai ciki ba ne, ba kuwa na ƙananan yara ba. Ina roƙon 'yan mata da uwayensu su rabu da ƙwayoyin ƙiba da a ke sayarwa a kasuwa. Da yawansu maganin wani ciwo ne dabam, suna kumbura fuska da ciki, su hau da jini, su jawo ciwon suga, su rarake ƙashi. Kada kuma a ɗauka rama ita ce lafiya. Wanda ke ramewa ba dalili ciwo ne ke cinsa, ya zo da wuri.

Yanzu mu koma kashi na biyu, na gwaninta. Wanda ya taɓa kallon dambe ya gan su duka a fage ɗaya. Akwai sauri, wanda ya kai shi ƙarshe shi ne Usain Bolt na ƙasar Jamaika, da ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009. Akwai zilliya, watau mutum ya sake hanya farat ɗaya bai faɗi ba, kamar ɗan dambe ya goce wa naushi. Akwai zabura, ita ce ƙarfi da sauri a haɗe cikin motsi ɗaya, irin wadda Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 da ita ta ciwo wa Nijeriya zinariya a Atlanta a 1996. Akwai haɗin kan ido da hannu, ku dubi mata uku suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya ba ta gwabza taɓarya ba. Akwai zafin nama, watau tsakanin ido ya gani da hannu ya motsa, wanda ga yawancin mutane kamar rubu'in daƙiƙa ne. Rashin barci da giya da ƙwaya suna kashe zafin nama, ɗan acaɓa ya riƙe wannan, don ɗan lokacin nan shi ne tsakaninsa da akuyar da ta gitta masa.

Waɗannan wani gado ne, wani koyo. Suna da daɗin kallo, ana yi wa mai su kiɗa da kirari. Amma wanda bai iya zilliya ba, ba zai kwanta ciwo saboda haka ba, wanda ya iya kuwa ba ta tsare shi daga hawan jini. A ganina mun juya abin: na kallo mu ke yabo, masu riƙe rai ba mai kula da su sai sun tafi.

Na bar ɗaya da gangan, shi ne na shida, watau daidaiton tsayuwa, mutum ya tsaya ko ya taka ba tangaɗi. Masana sun sa shi cikin na gwaninta, ga yaro mai langa kuwa gwaninta ce, ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle yana ture abokin karawa. Amma ga tsoho maganar rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 a shekara, cikin haɗurra babu abin da ya fi ta kisa sai haɗarin hanya, waɗanda su ka wuce shekara 60 kuwa su ta fi ɗauka. Mun gani da idonmu. Tsohuwa ta zame a bakin rijiya, ƙashin kwatangwalo ya karye, ta kwanta. Daga kwanciya sai gyambon baya, sai ciwon huhu. Da yawa ba su sake takawa.

Tsayuwa daidai aikin abu huɗu ne tare: ido, da wani ɗan ma'auni da ke can cikin kunne, da jin ƙasa a tafin ƙafa, da ƙarfin cinya. Tsufa na rage su duka, ciwon suga kuwa na kashe jin tafin ƙafa tun kafin tsufa. A ƙasar Barazil an bi mutane 1,702 masu shekara 51 zuwa 75, aka bayyana sakamakon a 2022: waɗanda ba su iya tsayawa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10 ba sun fi mutuwa a shekarun da su ka biyo baya. Ba tsayuwar ce ke kashewa ko rayarwa ba, alama ce ta yadda jiki ya ke. Ku gwada iyayenku yau, amma a jikin bango, wani kuma na tsaye kusa. Wanda ya kasa ya riƙa koyo, yana dafe da bango, ƙafar dama sa'an nan ta hagu, kana ya yi tafiya a kan layi ɗaya, diddige na taɓa yatsu. Wanda ya kai 65 ya yi haka aƙalla kwana uku a mako. Ku zuba yashi ko tsakuwa inda ke santsi a makewayi da bakin rijiya, ku aje masa tocila kusa da shimfiɗa, a kai shi a duba idonsa in yana ganin hazo. Kuma don Allah ku daina cewa, "Baba, zauna ka huta," duk sa'ad da ya ɗauki tsintsiya ko ya ce zai leƙa gona. Na san ladabi ne ke sa ku, amma zaman nan shi ke cinye masa ƙafa.

Shi kuwa ɗan kokawarmu, an ba shi maganin hawan jini, aka ce ya sha kullum ko ya ji sauƙi, a rage masa gishiri da dunƙulen miya. Na ce ya bar babur a gida ran da ba shi da kaya. Ya ce mutane za su ce ya karye. Na ce su ce. Bayan wata huɗu ya dawo awo, a ƙasa, da igiyarsa a aljihu. Ya kewaya ta a gabana, ba ta haɗu ba tukuna, saura kamar yatsa uku. Amma ya ce yanzu har gida ya ke isa bai nemi gindin itacen nan ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gishiri da hawan jini. Wanda igiyarsa ba ta haɗu ba ya zo ɗakin shan magani ran awo da safe, kafin ya karya kumallo. Ku huta lafiya.